Manhajojin Sa Ido Kan Wayar Yara: Abin Da Iyaye A Kankiya Da Kusada Ya Kamata Su Sani

Manhajar sa ido ta iyaye wata hanya ce da ake saita waya ko kwamfuta domin uba ko uwa su iyakance abin da yaro zai gani, da tsawon lokacin da zai ɗauka yana latsawa, da irin abubuwan da zai iya saukewa. Wasu daga cikin waɗannan hanyoyi suna cikin wayar tun daga kamfani, wasu kuma sai an sauke su. Da yawa daga cikinsu kyauta ne.

A Kankiya da Kusada, kamar sauran garuruwan Katsina, ba kasafai ƙaramin yaro ke da wayarsa ta kansa ba. Ta mahaifiyarsa yake ɗauka, ko ta yayansa, ko wata tsohuwa da aka daina amfani da ita. Ga kuma masu tura fina-finai da waƙoƙi a bakin kasuwa da tasha. Shi ya sa shawarar da aka tsara wa gidan da kowane yaro ke da wayarsa ba za ta wadatar da ku ba. Wannan bayani ya duba yanayin da kuke ciki ne.

Me ya haɗa wannan da lafiya?

Barci. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kwana guda, ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yaron da ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana kallon bidiyo, sannan aka tashe shi sallar asuba da makarantar allo, ba zai sami ko kusa da haka ba. Abin da ke biyo baya shi ne gyangyaɗi a aji, saurin fushi, ciwon kai da mantuwa.

Girman ƙananan yara. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, idan ya gaza haka ma ya fi. Yaro yana koyon magana ne daga wanda ke yi masa magana yana amsa masa. Waya ba ta yin wannan.

Ido da kunne. Doguwar kallon abu kusa da fuska tana kawo gajiyar ido, bushewa da yaji, domin mutum yana rage ƙifta ido. Wasa a waje cikin hasken rana yana rage haɗarin matsalar rashin ganin nesa. Ƙure ƙarar abin saƙalawa a kunne kuwa yana lalata ji a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Lafiyar ƙwaƙwalwa. Hotunan batsa, bidiyon gawarwaki da na hare-haren 'yan bindiga da ake yawo da su a zaurukan WhatsApp, da zagi ko tozartawa daga abokai, duk suna iya jawo wa yaro firgita, mugun mafarki da damuwa.

Masu yaudara. Akwai manyan da ke shiga a matsayin sa'ar yaro, su jawo shi da daɗin baki ko kyautar kati, su nemi hoton tsiraici, daga nan su fara barazanar yaɗawa idan ba a ba su kuɗi ba. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Najeriya saboda irin wannan damfara. Ba 'yan mata kaɗai ake yi wa ba, samari matasa na cikin waɗanda aka fi nema.

Abin da manhajar ke iya yi

• Ƙayyade awannin amfani da waya a rana, da kulle ta idan lokacin barci ya yi.
• Hana sauke sabuwar manhaja sai da izininku.
• Tace shafukan batsa daga sakamakon bincike.
• Nuna muku manhajar da yaro ya fi daɗewa a kai.
• Nuna inda wayar take, idan akwai data kuma an kunna wurin nuna waje.

Abin da ba ta iya yi

Wannan ɓangaren ne ya fi shafar yankinmu. Mataciyar shafuka tana aiki ne a kan abin da ya shigo ta intanet. Bidiyon da aka turo ta Xender ko Bluetooth, ko wanda aka cika a memori a shagon masu turi, bai bi ta intanet ba, saboda haka ba za ta gan shi ba. Haka kuma ba ta karanta hirar WhatsApp, domin saƙonnin a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Ba ta da iko a kan wayar aboki, ko ta ɗan maƙwabta, ko abin da ake nunawa a gidan kallo. Sannan masu tacewar sun fi ƙwarewa a Turanci, munanan kalmomin Hausa sukan wuce ba tare da an kama su ba.

Ƙaramar waya mai maɓalli ma ba a rasa haɗari a cikinta. Da yawa suna hawa intanet, suna karɓar memori, kuma ba a iya sa musu irin waɗannan manhajoji. A nan abin yi shi ne a cire memorin, a kuma bar layin ba tare da data ba.

Idan yaro wayarku yake ɗauka

1. Ku sa wa wayar lambar sirri wadda yara ba su sani ba. Kada ku yi amfani da shekarar haihuwa ko 1234. Wannan zai kuma kare ku idan kun kai waya wurin masu caji.
2. Ku kulle manhajojin banki, WhatsApp, Facebook da TikTok da wata lambar daban. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix suna da wurin kulle manhaja a cikin saitinsu.
3. Ku yi amfani da tsarin kafe manhaja ɗaya, wanda aka rubuta "App pinning" ko "Screen pinning" a sashen tsaro na saitin Android. Idan kun buɗe wa yaro karatun Alƙur'ani ko darasi kuka kafe shi, ba zai iya fita zuwa wani wuri ba sai da lambarku.
4. A cikin Play Store ku shiga saiti, ku kunna "Parental controls", ku zaɓi iyakar shekaru.
5. A WhatsApp ku kashe sauke hotuna da bidiyo kai tsaye, domin kada abin da aka jefo a zaure ya faɗa cikin ma'ajiyar hotunanku yaro ya tsinta. Ku kuma saita cewa waɗanda kuka ajiye lambarsu ne kaɗai za su iya sa ku a zaure.
6. Ga ƙananan yara, YouTube Kids ya fi YouTube na manya, amma shi ma ku riƙa leƙawa.

Idan yaro yana da tasa wayar

Kusan duk wayoyin da ke hannun jama'a a nan, Tecno, Infinix, itel, Samsung da Redmi, na Android ne, kuma Google Family Link, wadda ta fito a 2017, tana aiki a kansu kyauta. Ga yadda ake yi:

1. Ku sauke Family Link a wayarku.
2. Ku buɗe wa yaron asusun Google da ainihin ranar haihuwarsa. Idan kuka ƙara masa shekaru, za a ɗauke shi babba, kariyar yara ta faɗi.
3. Ku shigar da asusun a wayarsa, ku bi matakan haɗa wayoyin biyu. Ku cire duk wani asusun da ke kai tun da farko.
4. Ku sa iyakar awanni, da lokacin da wayar za ta kulle da dare, misali daga bayan sallar isha'i zuwa safe. Ko a kulle, ana iya kiran gaggawa.
5. Ku hana sauke manhaja daga wajen Play Store, ku kuma toshe Xender idan ba a buƙatarta.

Ku lura cewa duk canjin da kuka yi daga wayarku ba zai isa wayar yaron ba sai ta hau intanet. Masu iPhone kuwa suna da "Screen Time" a cikin saiti tun 2018.

Akwai wata ƙarin kariya mai sauƙi. A wayoyin Android na 9 zuwa sama, a sashen sadarwa na saiti, akwai wurin da aka rubuta "Private DNS". Idan kuka rubuta family.cloudflare-dns.com a wurin, wayar za ta daina buɗe shafukan batsa da yawa da masu ɗauke da ƙwayar cutar waya. Ba ya cin kuɗi.

TikTok na da "Family Pairing" da ke haɗa shafin iyaye da na matashi, Instagram kuma ya fara shafukan matasa masu ƙarin kariya a 2024. Ƙa'idar Facebook, Instagram da TikTok ita ce shekara 13 zuwa sama. Cacar ƙwallo ta waya kuwa doka ta hana wa wanda bai kai 18 ba, kuma tana cikin abubuwan da ya kamata ku duba a wayar samari.

Idan ba ku iya saitin da kanku ba, ku nemi wani amintacce a gida ya taimaka, amma ku da kanku za ku sa lambar sirrin. Kada ku bar ta a hannun mai gyaran waya.

Ku guji manhajar leƙen asiri

Za ku ga ana tallar manhajojin da ke karanta saƙonni a ɓoye ko naɗar kira. Yawancinsu ba sa cikin Play Store, kuma sai an kashe tsaron waya kafin su hau. Hotuna da saƙonnin ɗanku za su tafi hannun mutanen da ba ku sani ba. Bayan haka, ranar da matashi ya gano ana bibiyarsa a ɓoye, zai nemi wata wayar ya ɓoye, kuma ba zai kawo muku kukansa ba idan ya shiga matsala. Ku faɗa masa abin da kuka sa da dalilin sawa.

Dokokin gida

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗannan ƙa'idoji suna cike giɓin da manhaja ta bari:

• Waya ba ta kwana a ɗakin yara. A karɓe ta awa 1 kafin barci.
• A yi kallo a tsakar gida ko falo, inda ake gani.
• Ba a kai waya ko memori wurin masu turi sai da babba.
• Ba a bai wa kowa lambar da banki ya turo, ko hoton katin cirar kuɗi, ko sunan makaranta da unguwa.
• Bayan kowane minti 20 na kallo, a ɗaga ido a dubi abu mai nisa na daƙiƙa 20.
• A gidan da ake da yawa, ku yi magana da yayye, ƙannen uba da abokan zama, domin dokar ta zama ɗaya. Yaron da aka hana a ɗaki ɗaya zai je na gaba.
• Ku ma ku ajiye taku lokacin cin abinci. Yaro abin da ya gani yake kwaikwayo.

Kada kuma a ce za a hana waya gaba ɗaya ga ɗan sakandare. Jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yin ta, sakamakon WAEC da NECO ma ta intanet ake dubawa. Yayin da yaro ke girma yana nuna hankali, ku riƙa sassauta iyakar.

Alamomin da za ku kula da su

• Ɓoye fuskar waya da sauri idan babba ya shigo.
• Kuɗi, kati ko sabuwar waya da ba ku san inda aka samo ba, ko ɓatan kuɗi a gida.
• Daina cin abinci, keɓe kai, kuka ba dalili, ko ƙin zuwa makaranta da Islamiyya.
• Faɗuwar sakamako da barci a aji.
• Kalaman batsa da suka fi ƙarfin shekarunsa.

Idan an riga an yi wa yaro barazana da hoto

Kada ku doke shi, kada ku kunyata shi a gaban jama'a. Tsoron dukan iyaye shi ne babban makamin mai barazanar. Kada ku biya ko sisi, domin wanda aka ba zai dawo. Ku ɗauki hoton saƙonnin da sunan shafin da lambar asusun da aka ce a tura kuɗi, sannan ku toshe shi ku kai ƙararsa a cikin manhajar. Kada ku tura hoton tsiraicin ga kowa, ko da don neman shawara ne, domin Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta yaɗa ko ajiye irin wannan hoto na yara. Ku kai rahoto ofishin 'yan sanda ko hukumar NAPTIP. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Akwai kuma shafin Take It Down, wanda ke taimaka wa 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta wajen hana yaɗuwar hotonsu a manyan dandali, ba tare da hoton ya bar wayarsu ba.

Yaushe za a ga likita?

Ku kai yaro asibiti nan take, ko dare ne, idan ya ambaci kashe kansa, ko ya ji wa kansa rauni, ko ya sha wani abu. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da maganin ƙwari da na feshin gona daga inda zai kai hannu.

Idan wanda suka haɗu a waya ya kai ga taɓa jikinsa, ku je asibiti ba tare da jinkiri ba. Maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72.

Ku nemi ganin likita cikin 'yan kwanaki idan rashin barci, ciwon kai ko baƙin ciki ya wuce mako 2, idan yaro yana matse ido ko ba ya ganin allon aji, ko idan ɗan shekara 2 bai fara haɗa kalmomi biyu ba. Haka nan idan wasan gem ya fi ƙarfinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Alamominsa su ne kasa tsayawa, fifita wasan a kan komai, da ci gaba duk da cutarwar da ake gani, yawanci na tsawon wata 12. Yawancin yaran da ke wasan gem ba su kai wannan mataki ba.

Ku fara da cibiyar lafiya ta matakin farko mafi kusa da ku a Kusada ko Kankiya, ko Babban Asibitin Kankiya. Idan ana buƙatar ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa, na ido ko na yara, za a tura ku Katsina, inda Asibitin Koyarwa na Tarayya yake. Ku tafi da bayanin awannin da yaron ke barci da waɗanda yake yi a waya, zai taimaka wa likita ƙwarai.