Metropolis: garin da aka gina da ruwan wasu

Labarinmu na yau daga Amurka yake, jihar Nebada, ƙasar fako mai ƙarancin ruwan sama. Kusan kilomita 20 daga garin Wels akwai wani kufai da ake kira Metropolis. In ka je can yau, ƙofar makaranta za ka tarar tsaye ita kaɗai, ba aji ko ɗaya a bayanta, sai tushen ginin otal, sai maƙabarta.

Wajen 1910 ne wani kamfani ya zo ya ce zai mai da hekta 16,000 na wannan daji gonaki, ya kafa garin mutum 7,500. Ya tare rafin Bishop da madatsa, aka jawo layin dogo, aka gina katafaren otal, aka baza talla. Mutane suka kwashi ɗan abin da suka tara suka sayi filaye, har mazauna suka kai kusan 700.

To, amma ruwan nan da masu shi. Rafin Bishop cikin kogin Hambol yake zuba, kuma can gangare manoman Lablok sun daɗe suna ban ruwa da kogin. Suka kai ƙara kotu. Da aka gama shari'a, ruwan da ya rage wa Metropolis bai wuce na shayar da kashi ɗaya cikin goma na filin ba. Kamfani ya karye.

Waɗanda suka ƙi tashi suka koma noman alkama da ruwan sama. Shekarun farko an samu, daga baya fari ya shigo. Ga shi kuma sun karkashe dilolin dajin, sai zomaye suka yi yawa suka afka wa shuka, fara ta ƙarasa saura. Jirgin ƙasa ya daina zuwa. Otal ya ƙone a 1936, aka rufe gidan waya a 1942, makaranta a 1947. Masu kiwon shanu ne suka saura a yankin.

Kai da ka taɓa jiran layi a bakin rijiya, ka san wanda ya riga ka shi ke fara ja. Saboda haka in an zo maka da tallar fili ko rumfa a sabon gari, kafin ka sayar da sa ko ka taɓa jari, tambayi daga ina ruwan yake fitowa, su wa ke gangare, kuma sun yarda ko ba su yarda ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka.