Bitamin A da wankin ƙoda: yadda magani ya zama abin taka-tsantsan

A ƙasar Hausa an san bitamin A da alheri. Shi ne maganin dundumi, shi ne kuma ɗigon da ake matsa wa yara a baki lokacin rigakafi. Wannan kyakkyawan suna ya samo asali tun 1913, sa'ad da Elmer McCollum da Marguerite Davis na Jami'ar Wisconsin a Amurka suka gano wani sinadari a man shanu da gwaiduwar ƙwai, wanda ɓerayen gwaji ba sa girma sai da shi.

A ɗakin wankin ƙoda kuwa, labarin ya sha bamban. Willem Kolff ya ƙera injin wankin jini a Holan a 1943, sannan a 1960 Belding Scribner na birnin Seattle ya samar da bututun da ya ba da damar maimaita wankin shekara da shekaru. Da majinyata suka fara daɗewa a raye, sai aka lura injin yana kwashe bitamin masu narkewa a ruwa, irin su B da C. Aka shiga ba su ƙwayoyin haɗin bitamin domin cike giɓi, wasu har da A a ciki.

Sai dai bitamin A a mai yake narkewa, hanta ce kuma rumbunsa. A 1968 DeWitt Goodman da abokan aikinsa a Jami'ar Kolombiya suka gano furotin da ke dakonsa a cikin jini. Ƙoda ce ke rushe wannan furotin. Idan ta gaza, ɗan dako da kayansa sukan taru a jini, injin kuma ba ya tace su yadda ya kamata. A 1981 likitocin asibitin Royal Free na Landan suka danganta ƙarin bitamin A da hauhawar kalsiyam a jinin masu wankin ƙoda. Da aka dakatar da ƙwayoyin, kalsiyam ya sauka.

Shi ya sa ƙa'idojin abinci na KDOQI na 2020 suka ba da shawarar kada a riƙa ba su bitamin A haka kawai, shi ya sa kuma haɗin bitamin da ake yi musamman domin masu ciwon ƙoda galibi ba ya ɗauke da shi.

Wanda ke jinyar ɗan'uwa mai wankin ƙoda, kafin ya sayo masa ƙwayar ƙarin ƙarfi a kemis, ya karanta abin da ke jikin kwalbar, ya kuma nuna wa likitan ƙoda.