Kunnen hukuma daga Satiru zuwa dajin Rugu

A watan Fabrairu na 1906 Mahadiyyawan Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa uku da sojojinsu. Wata na zagayowa aka baje garin, aka kashe mutum kusan 2,000. Daga nan Turawa suka ɗauki kowane malami mai tara jama'a a matsayin abin zargi. A shekarar aka tuɓe Sarkin Katsina Yero, Bature Palmer ya tsaya wa Durbi Muhammadu Dikko ya hau gado, aka ɗaure tsarin gundumomi tamau. Mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, kamar Sarkin Ruma a Batsari ko Yarima a Safana, har magana ta isa teburin Razdan. Hanyar da haraji da jangali suke bi, ita labarin baƙon malami yake bi: wa ya sauke shi, daga ina ya fito, me yake karantarwa. Palmer ɗin nan ne ya matsa aka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa a 1923, aka kai shi Kamaru, alhali bai ɗauki makami ba.

Za a ce ai mutanen Satiru su suka fara zubar da jini, kuma rikicin Maitatsine na 1980 ya nuna wa'azi yana iya cinye gari. Haka ne, shi ya sa tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin Batsari da Safana suna cikinta, ta kafa dokar neman izinin wa'azi a 1984. Amma a duba wanda aka gina tsarin domin ya kare. Mai mulki aka tsare daga talaka. Ba a taɓa shirya shi don ya ɗauki kukan manomi cikin dare ya dawo da agaji kafin asuba ba.

Da 'yan bindiga suka mamaye dajin Rugu da ke yankin Batsari da Safana sai aibin tsarin ya fito fili. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da waɗannan biyu. An yi ne don a toshe bakin masu kai wa ɓarayi rahoto, amma magidancin da ya ji ƙarar babura a bayan gari shi ma ya rasa yadda zai kira jami'an tsaro. Lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa (NIN) tana haɗe da layinsa, hukuma ta san sunansa da garinsu, ga wayar a hannunsa ba ta shiga.