Rushewar benen Ikoyi: abin da ya faru, abin da bincike ya gano, da inda aka kwana

A ranar Litinin, 1 ga Nuwamba, 2021, da rana tsaka, wani bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a titin Gerrard da ke unguwar Ikoyi a Legas ya rufta kan mutanen da ke cikinsa. Fiye da mutum 40 ne suka rasa rayukansu, akasarinsu leburori da masu aikin hannu da suka fito neman na abinci. Wannan na daga cikin rushewar gini mafi muni a tarihin Legas, kuma yana daga cikin waɗanda aka fi bincika. Saboda haka ya zama ma'auni mai kyau ga duk mai son sanin yadda hukuma a Nijeriya ke ɗaukar alhaki idan gini ya kashe mutane.

Ginin da mai shi

Benen ɗaya ne daga cikin dogayen gine-gine uku da kamfanin Fourscore ke ginawa a fili ɗaya, ƙarƙashin sunan 360 Degrees Towers. An tsara su ne a matsayin gidajen zama na alfarma, waɗanda ake sayarwa da dala tun kafin a kammala su. Mai kamfanin, Femi Osibona, yana cikin ginin lokacin da ya faɗi, kuma an tono gawarsa ranar 4 ga Nuwamba.

Ikoyi unguwa ce da ruwa ya kusan kewaye ta, ƙasarta kuma mai laushi ce. Dogon gini a irin wannan wuri yana dogara ne kan turakun kankare da ake kafawa can ƙarƙashin ƙasa, da ginshiƙan da injiniya ya lissafa nauyin da za su iya ɗauka. Kowane hawa da aka ƙara bayan an gama wannan lissafi, ƙarin kaya ne a kan ginshiƙan da ba a yi su dominsa ba. Shi ya sa adadin hawan da hukuma ta amince da shi ya zama tambaya ta farko da aka yi bayan faɗuwar benen.

Gargaɗin da ya riga hatsarin

A watan Fabrairun 2020, fiye da shekara ɗaya da rabi kafin rushewar, kamfanin injiniyoyi na Prowess Engineering, wanda ke kula da tsarin ƙarfin ginin, ya rubuta wa Fourscore wasiƙar janyewa daga aikin. A cikinta ya bayyana cewa ra'ayinsu ya sha bamban kan yadda ake gudanar da aikin, kuma yana iya tsaya wa ingancin gine-gine biyu na farko, amma a na ukun iyakarsa hawa na huɗu. Wasiƙar ba ta fito fili ba sai bayan da benen ya riga ya faɗi.

Janyewar injiniya daga babban aiki irin wannan alama ce da ya kamata ta tsayar da komai har sai an gano dalili. Aikin dai ya ci gaba. Hukumomin jihar sun taɓa garƙame wurin, kamar yadda gwamnati da kanta ta tabbatar, amma daga baya magina suka koma bakin aiki.

Kwanakin farko

Jami'an hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da takwararta ta jihar Legas, LASEMA, sun shafe kwanaki suna tonon ɓaraguzai da manyan injina. An ceto mutum 15 da rai. 'Yan uwan waɗanda suka ɓace sun kwana a bakin wurin suna jiran labari, da yawansu suna kokawa kan tafiyar hawainiya da aikin ceton ke yi. Rashin cikakken jerin sunayen ma'aikatan da suka shiga wurin a ranar ya sa alƙaluman mamata suka riƙa sauyawa, kuma sai da aka yi gwajin DNA kafin a gane wasu gawarwakin. Gwamnatin jihar ta ayyana zaman makoki na kwana uku.

Tun a waɗannan kwanaki bakin jami'ai ya rabu. Shugaban hukumar kula da gine-gine ta jihar, LASBCA, Gbolahan Oki, ya shaida wa manema labarai cewa izinin hawa 15 aka bayar, mai ginin ya kai shi 21, kuma kayan aikin da aka yi amfani da su ba su da inganci. Mataimakin gwamna, Obafemi Hamzat, ya ce izinin na hawa 21 ne. Washegarin hatsarin Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da Oki daga aiki har sai abin da hali ya yi. Daga baya ya koma kan muƙaminsa.

Bincike biyu

Gwamnan ya kafa kwamitin mutum shida ƙarƙashin Toyin Ayinde, masanin tsara birane kuma tsohon kwamishina a jihar. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a watan Janairun 2022 tare da shawarwari 28. A farar takardar da gwamnati ta fitar, ta karɓi 26 ta yi watsi da biyu. Daga cikin waɗanda ta karɓa akwai rushe gine-gine biyun da suka rage, da ƙwace filin, da gurfanar da kamfanin Fourscore a gaban kotu, da hukunta jami'an da aka samu da hannu.

Bincike na biyu shi ne na kotun da ke gano musabbabin mutuwa, ƙarƙashin Babban Majistare Oyetade Komolafe. Kotun ta saurari shaidu na tsawon watanni, sannan a watan Agustan 2022 ta yanke cewa sakaci ne ya jawo mutuwar mutanen, kuma ta ɗora babban kaso na laifin a kan hukumomin gwamnati da dokar jiha ta ba wa amanar sa ido kan aikin.

Sai dai irin wannan kotu ba ta ɗaure kowa. Aikinta shi ne ta faɗi wanda ya mutu, da yadda ya mutu, da dalili, sannan ta ba da shawara. Shigar da ƙara yana hannun babban lauyan gwamnatin jiha, wato jami'in gwamnatin da aka samu hukumominta da sakaci. Shekara uku bayan faɗuwar benen, babu wani jami'i da kotu ta yanke wa hukunci a kan lamarin. Mutuwar mai kamfanin kuwa ta sauƙaƙa wa mutane da yawa, domin laifi ya samu wurin sauka a kan wanda ba zai iya kare kansa ko ya ambaci sunan wani ba.

Wa ke da alhakin me

Kundin tsarin mulki ya bar tsara birane a hannun jihohi, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2003 a shari'ar da Legas ta yi da gwamnatin tarayya. A Legas, hukumar LASPPPA ce ke ba da izinin gini, LASBCA kuma ke duba aikin mataki-mataki, tun daga harsashi har zuwa rufi, ta kuma ba da shaidar cewa gini ya cancanci a zauna a ciki. Akwai kuma ɗakin gwajin kayan gini na jihar, inda ake auna ƙarfin kankare da rodi. A ƙa'ida, ana ɗibar samfurin kankaren da aka zuba, a bar shi kwana 28, sannan a matse shi da na'ura a ga nauyin da zai jure. Idan ya gaza, ba a ɗora wani hawa a kansa.

A matakin ƙasa, COREN ce ke yi wa injiniyoyi rajista da ladabtar da su, CORBON kuma ke kula da ƙwararrun magina. An samar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, amma ƙarfinsa ya dogara ne kan jihar da ta mayar da shi doka. Dokar inshora ta 2003, wadda ke aiki a lokacin rushewar, ta wajabta wa duk mai gina bene da ya wuce hawa biyu ya yi masa inshora, domin a biya diyya ga ma'aikata da sauran jama'a idan ya rushe. Wannan sashe ne ya kamata ya zama madogarar iyalan leburori, kuma ya kasance cikin waɗanda aka fi yin biris da su a lokacin.

Daga wannan jeri za a ga cewa doka ba ta yi ƙaranci a titin Gerrard ba. Akwai mai ba da izini, akwai mai dubawa, akwai mai gwaji, akwai mai ladabtarwa. Abin da ya ɓace shi ne sakamakon da zai hau kan wanda ya ƙi yin aikinsa.

Kafin Ikoyi da bayanta

A watan Satumban 2014, masaukin baƙi na cocin Synagogue da ke Ikotun ya rushe ya kashe mutum 116, akasarinsu 'yan Afirka ta Kudu. Majistare Komolafe ɗin nan ne ya binciki lamarin, kuma a 2015 ya ba da shawarar a gurfanar da masu hannu. An fara shari'a, ta kuma ɗauki shekaru ana ɗagewa. A watan Maris na 2016 wani bene na kamfanin Lekki Gardens ya faɗi ya kashe fiye da mutum 30. A ranar 13 ga Maris, 2019, wani bene a Ita Faaji da ke tsibirin Legas, mai gidajen haya a ƙasa da makarantar firamare a sama, ya rufta ya kashe mutum 20, ciki har da yara. Hukuma ta riga ta yi wa ginin alamar rushewa kafin wannan rana.

Bayan Ikoyi ma ba a huta ba. A watan Mayun 2022 wani gidan haya mai hawa uku ya faɗi a Ebute Metta. A watan Satumba na wannan shekarar wani bene mai hawa bakwai ya rushe a Oniru, kuma washegari kwamishinan tsara birane na jihar, Idris Salako, ya ajiye aiki. Matsalar ba ta tsaya a Legas ba: a watan Agustan 2022 wani bene da ake ginawa ya faɗi a titin Beirut da ke Kano, a watan Yulin 2024 kuma ginin wata makaranta ya rufta a Jos ya kashe mutum 22.

Abin da ya rage

Darasin Ikoyi ga kowace jiha ya ta'allaƙa ne kan abubuwa da za a iya aunawa. Na farko, a buɗe rajistar izinin gini ga jama'a, ta yadda maƙwabci ko ɗan jarida zai iya ganin hawa nawa aka amince kafin a yi asarar rai. Na biyu, a wajabta wa injiniyan da ya janye daga aiki ya sanar da hukuma, janyewar kuma ta tsayar da aikin. Na uku, kowane wurin gini ya riƙe sunayen ma'aikatansa na kullum tare da shaidar inshora. Na huɗu, a wallafa rahotannin kwamitocin bincike gaba ɗayansu, a kuma sa wa'adi ga babban lauyan jiha ya shigar da ƙara ko ya bayyana wa jama'a dalilin ƙin shigarwa.

Majalisun dokokin jihohi suna da ikon yin duka huɗun ba tare da jiran Abuja ba. Su ne kuma ke da ikon kiran shugabannin hukumomin tsara birane su yi bayani a bainar jama'a kan kowane bene da aka garƙame sannan aka sake buɗewa.