Masassarar cizon sauro mai komowa: dalilinta da maganinta

Idan masassara ta sake kama ka bayan ka sha magani ka samu sauƙi, ɗaya daga cikin abubuwa uku ne ya faru. Ko dai wani sauro ya sake cizon ka, ko maganin bai gama kashe ƙwayoyin da ke cikin jininka ba, ko kuwa wasu ƙwayoyi da suka ɓuya cikin hanta ne suka farka. Na ukun nan shi ne ainihin masassara mai komowa, kuma maganinta daban yake.

Ƙwayar da ke barci a hanta

Iri biyu na ƙwayar cutar ne ke da wannan hali, Plasmodium vivax da Plasmodium ovale. Bayan cizon sauro, wani ɓangare nasu yakan kwanta cikin hanta har makonni, ko watanni, wani lokaci fiye da shekara. Gwajin jini ba ya ganin su, magungunan da ke wanke jini kamar kulorokin ba su taɓa su. Masu bincike sun fara ganin su da ido a 1980 cikin hantar biri. Falciparum, wadda ta fi yawa a Nijar, ba ta wannan barci.

An daɗe ana ɗauka vivax ba ta kama mutanen Afirka ta Yamma, domin jinin yawancinsu ba shi da wata alama da ake kira Duffy, wadda ƙwayar ke bi ta shiga. To amma an same ta jikin irin waɗannan mutane a Madagaska da Mali. Tana kuma da yawa a Habasha, Sudan, Moritaniya, Indiya da Pakistan.

Abin da bincike ya samar

Primaquine, wanda Amurka ta amince da shi a 1952, shi ne ya daɗe yana kashe ƙwayoyin hanta. Ana shan sa kwana 14, ga shi mutane da dama sukan daina da zarar jiki ya yi sanyi. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda aka gudanar a Habasha, Afganistan, Indonesiya da Biyetnam, ya nuna cewa ninka ƙwayar a sha ta kwana 7 yana aiki daidai da na kwana 14. A 2018 kuma aka amince da tafenoquine, wanda ake sha sau ɗaya tak tare da kulorokin.

Hatsarin da ya kamata ka sani

Magungunan biyu suna iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin wanda aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, kuma wannan gado yana da yawa a Afirka. Alamominsa su ne fitsari mai duhu kamar shayi, ido ya yi rawaya, da kasala mai tsanani. Shi ya sa ake auna jini kafin a ba da su. Ba a ba mai ciki ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da za ka yi

Duk lokacin da masassara ta komo, ka je cibiyar lafiya a gwada jininka, kada ka sayi magani a kasuwa. Idan ka yi ci-rani, fatauci ko karatu a ƙasashen da aka ambata, ka faɗa wa ma'aikacin lafiya, ko da tafiyar ta yi watanni, domin wannan bayani ne zai sa ya nemi vivax. Ka shanye maganin da aka rubuta maka har ƙarshe. In kuwa fitsarinka ya yi duhu kana cikin shan primaquine, ka dakata, ka koma likita a ranar.