Uwar Ɗaki a Sana'a

Uwar ɗaki a sana'a ita ce macen da ta daɗe tana ciniki, ta ɗauki sabuwar shiga tana nuna mata hanya. A ikilisiyoyinmu, yawanci a Zumuntar Mata ake samunta. Wannan ya yi daidai da Titus 2:3-5, inda Bulus ya ɗora wa dattawan mata koyar da na bayansu.

Aikinta na farko lissafi ne. Mai fara tuyar ƙosai takan ƙirga kuɗin wake da mai, ta manta da niƙa, itace, albasa, barkono, leda da kuɗin mota. Sai an haɗa su duka ake sanin ko akwai riba. Daga nan a ware jari, kada a taɓa shi don cefane ko kuɗin makaranta. A gida jarin mata da yawa yake mutuwa, sau da dama da hannun maigida, shi ya sa muke so a yi wannan maganar yana zaune.

Sai bashi. Kunya takan hana mu tambayar 'yar'uwar da muke sujada tare kuɗin kayan da ta ɗauka. Uwar ɗaki ta koya wa ɗalibarta rubuta kowane bashi a littafi, ta kuma sa iyaka.

Adashi ya fi rance mai ruwa sauƙi ga mai farawa, muddin zubin bai fi ƙarfin ribarta ba. Ranar kwasa, kuɗin ya shiga jari kafin a yi maganar anko.