Shekarar da Mondrian Ya Rina Bishiya Ja

A gidan adana zane-zane na birnin Hague, a ƙasar Holan, akwai wani zane da faɗinsa bai cika mita ɗaya ba, kuma babu kowa a cikinsa sai bishiya guda. Kututturenta ja ne jawur kamar garwashi, rassanta sun sunkuya suna sarƙe da juna, sararin da ke bayanta kuwa shuɗi ne irin na bayan magariba. Shuɗin bai tsaya a bayan ba ma. Ya kutsa tsakanin rassan har mai kallo ya rasa inda itace ya ƙare, sama ta fara.

Piet Mondrian ya fara wannan aiki a 1908, ya kammala a 1910. Bishiyar tuffa ce da ya gani a Domburg, wani ƙaramin gari na bakin teku a lardin Zeeland. Yana da shekara 36 a lokacin, kuma ya daɗe yana zana koguna, gonaki da shanu da launuka masu sanyi, irin abin da mai kuɗi zai saya ya rataya a falo hankali kwance. Rina bishiya ja yana nufin juya wa waɗannan masu saye baya. Launin ya daina faɗin yadda itacen yake, ya koma faɗin abin da mai zanen ya ji a gabansa.

Bai bar bishiya haka ba. A 1911 ya ga ayyukan Picasso da Braque a wani baje koli a Amsterdam, waɗanda ke farfasa siffar abu su sake jera ta. A shekarar ya zana bishiya mai ruwan toka: ja da shuɗi sun tafi, saura baƙaƙen layuka masu lanƙwasa. Ya koma Paris, kuma a zanen tuffa mai fure na 1912, in ba don sunan ba, da wuya ka ce itace ne.

Yawancinmu mun san Mondrian ne ta murabba'ai ja, shuɗi da rawaya a cikin baƙaƙen layuka, waɗanda Yves Saint Laurent ya mayar riguna a 1965. Nakan ji ana cewa ko ɗan firamare zai iya su. Mai faɗin haka bai ga shekarun da mutumin ya kwashe yana rage rassa ɗaya bayan ɗaya ba, yana neman sanin abin da ke riƙe da zane idan an cire ganye da ɓawo. Ni dai jar bishiyar ta fi kama ni, domin a cikinta bai riga ya san inda zai dosa ba, kuma hakan na bayyane a kaurin fentin.

Ana ba da labarin cewa a shekarunsa na baya, idan ya je cin abinci gidan abokai, yakan nemi kujerar da ta ba taga baya, don kada ya ga itatuwa.